Babanmu da Ƙofofin da Aka Dawo da Su

Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Babanmu ya riga mu komawa ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa da ke gidanmu na Kwarbai, bayan ya daɗe yana fama da tari da ciwon ƙirji. Bayan azahar aka sallace shi a ƙofar gida. Mu mata muna daga ciki, muna jin takun maza suna tafiya da shi, har takun ya yi nisa muka daina ji.

Na ɗauka na san masu zuwa gaisuwa: dangi, maƙwabta, mutanen masallacin unguwa, da abokan aikina na makarantar da nake koyarwa a Tudun Jukun. Duk sun zo. Waɗanda ban zata ba su ne kafintoci. Tun kafin a dawo daga maƙabarta babura suka cika lungunmu, wasu daga Sabon Gari, wasu daga Tudun Wada, har da waɗanda suka taso daga Kaduna da garin katako a hulunansu, don a wurin aiki labarin ya same su suka kamo hanya. Yayana, wanda ke karɓar gaisuwa a waje, ya ce mini wani dattijo a cikinsu ya yi addu'a ya shafa, sannan ya ce kamar da kansa yake magana, "To yanzu in aiki ya ƙi, wa za mu kira?"

Goggo, ƙanwar Baba, ba ta yi kuka ba ranar. Duk wadda ta durƙusa ta yi mata ya haƙuri, sai ta ce, "Da godiya. Ya huta da tarin nan." Inna, mahaifiyarmu, kuwa carbinta kawai take ja. Sau ɗaya ta ɗago ta dube ni ta ce, "Kokonsa yana nan a rufe, bai sha ba."

Washegari wata mata da ban taɓa gani ba ta shigo, ta manyanta, ta gaida Inna, sannan ta matso kusa da ni.

"Ke ce babbar 'yarsa?"

Na ce ni ce.

Ta ce, "Bari in faɗa miki abin da ya yi mini, don na san shi ba zai faɗa ba. Shekarun baya zan aurar da 'yata, ubanta ya rasu, ni kaɗai na haɗa mata kayan ɗaki da ƙyar. Biki ya matso, muka wayi gari fuskar durowar kayanta ta kumbura, fatar katakon da ke samanta ta ɗago kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Wanda ya yi ta ya daina ɗaukar wayata. Ki duba halin da na shiga, dangin miji za su zo ganin ɗaki. Wata ta ce in nemi babanku. Bai san ni ba, ban san shi ba. Ya zo da dutsen guga na gawayi da sirinji da ya saya a kemis. Aka fito masa da durowar zaure. Ya tsaga kumburin da reza, ya ɗura gam, ya shimfiɗa tsumma ya bi da guga a hankali, wuri bayan wuri, tun safe har la'asar, salla kawai ke tashinsa. Da ya gama, ko ni da na san inda ciwon yake ban gane wurin ba. Na ce Malam me zan yi maka? Ya ce a ba shi ruwa ya wanke hannu. Har ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce kada in yawata sunan wanda ya yi ta, wataƙila da danshi aka sayar masa da katakon bai sani ba."

Ta share ido da gefen mayafinta ta yi mana addu'a ta tafi. Ni kuwa na zauna ina tunanin cewa akwai Baban da ban sani ba, wanda na sani ɗin ma in ban rubuta ba, mu da muka san shi za mu tafi da shi.

Baba bai gaji aikin katako ba. Gidanmu gidan karatu ne da ɗinkin riguna. Yana saurayi ya tafi Kudu, ya yi shekaru a wani babban kamfanin katako, ya dawo da sana'ar da a lokacin ba kowa ya san ta ba a garin nan. Ƙofofin nan masu santsi na gidajen zamani, da saman tebur, da fuskar durowa, ba katako guda ba ne. Katako ne mai araha a ciki, a shafa masa gam, a shimfiɗa masa siririyar fatar katako mai kyau wadda kaurinta bai wuce na kwali ba, sai a tura cikin injin matsi, tsakanin manyan farantan ƙarfe masu zafi, su danne shi har gam ɗin ya dahu ya kama. In komai ya tafi daidai, fatar da katakon sun zama abu ɗaya. In wani abu ya kuskure, sai fatar ta ɗago daga gefe, ko ta yi bororo a tsakiya, wani lokaci tun a bakin inji, wani lokaci sai an kafa ƙofar a gidan mutane. Gano abin da ya kuskure ɗin shi ne aikin Baba, kuma da shi aka san shi.

Ba ya wuce ƙofa bai ƙwanƙwasa ta ba. Da bayan yatsa yake yi, ya karkata kai yana saurare. In ta yi ƙara cikakkiya ya wuce. In ta yi ƙarar fanko sai ka ga ransa ya ɗan ɓaci, kamar an gaya masa wani ba shi da lafiya. Ranar da ya fara zuwa gidan surukaina, ana tsakiyar gaisuwa ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa ƙofar falon, ya ce wa surukina, "Alhaji, wannan ba za ta kai wata daminar ba." Inna ta yi kwanaki tana jin kunyar maganar. Ƙofar kuwa ba ta kai ba.

Tafin hannunsa ya mutu da zafi, yana iya sauke tukunya daga murhu ba tsumma. Saboda haka in yana son jin danshin fatar katako, a kumatunsa yake ɗora ta, ya lumshe ido. Rigunansa kullum da warin gam ɗin nan mai yaji da ke sa ido ruwa, ko an wanke ba ya fita duka. Mun saba da shi har muna ce masa turaren Baba. Ba mu san shi ne ke cin ƙirjinsa ba.

Ni yake kira Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ba mai yawan magana ba ne, amma akwai abin da ba ya gajiya da faɗa. In abu ya lalace a gida, ko kwano ne ya fashe, muka fara nuna juna, sai ya ce, "Ku bar wa ya yi tukuna. Me ya faru?" Muna yara muna jin haushin tambayar, don ta fi duka daɗewa.

Da ya dawo daga Kudu, shi da ƙanensa, Baffanmu, suka kafa ɗan ƙaramin kamfani a wajen Ƙofar Gayan, da tsohon injin matsi da suka samo. Baffa ɗan kasuwa ne, mai fara'a, mai jama'a, shi ke nemo aiki ya kai kaya. Baba na ciki da gam da katako. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, Baffa ne ƙaraminsu, Baba bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta, ko bayan Baffan ya je Makka ya yi furfura. Tare suke cin abincin dare a zaurenmu, kwano ɗaya. Na uku a wurin aikin shi ne mai kula da injin, wani Kirista mutumin Wusasa, dogo, mai sanyin murya, wanda Baba ya koya wa aikin da hannunsa, suka shekara da shekaru tare. Ranar salla yakan zo mana da 'ya'yansa, lokacin Kirsimeti matarsa ta aiko mana da cincin.

Abin da zan faɗa yanzu kusan duk a gabana aka yi shi, don a daminar da ya faru ina gida, na dawo wankan haihuwar ɗana na fari.

Baffa ya samo musu aiki mafi girma da suka taɓa yi, ƙofofin ɗakunan kwanan ɗalibai na wani gini sabo. Aka yi, aka kai, aka kafa. Ruwa ya sauka sosai a shekarar. Ba a jima ba sai ga mota ta dawo da ƙofofin, fatarsu ta ɗago tana lilo. Mai ginin ya tsare Baffa a gaban mutane ya gaya masa maganganu. Ranar kuwa ranar sunan ɗana ce, Baba yana gida da baƙi. Baffa ya wuce wurin aiki da zafinsa, ya tara ma'aikata, ya nuna mutumin Wusasa ya ce shi ne ke buɗe inji kafin lokaci don ya tashi da wuri, ya kira shi maha'inci, ya ce ya ɗauki jakarsa ya fita. Mutumin ya ɗauki jakarsa ya fita.

Da la'asar, baƙi sun ragu, Baffa ya zo ya gaya wa Baba a zaure. Ɗakin da nake yana jikin zauren, ina jin su.

Baba ya ce, "Ka ga ya buɗe kafin lokaci?"

"Sai na gani? Shi ke kan inji."

"Ka tsaga ƙofa ɗaya ka duba cikinta?"

"Yaya, ni aka ci wa mutunci a gaban jama'a. Kai kana nan kana rabon goro."

"Na ji, kuma abin da aka yi maka bai yi mini daɗi ba. Amma Auta, ba ka san laifin wa ba ne. Ni ma ban sani ba tukuna. Ka kori mutum da sunan ha'inci, yana da iyali, yana da unguwar da zai koma."

Baffa ya ce, "Wato ka zaɓi bare a kan ɗan'uwanka."

Baba ya ce, "Ka ba ni lokaci in duba." Baffa ya sa takalminsa ya fita, ko naman suna bai ɗauka ba.

Daga ranar tsakar gidanmu ya cika da gutsattsarin ƙofofi. Baba yakan dawo da su a bayan babur, ya zauna a inuwa kusa da inda nake shan iska da jariri, ya sa wuƙa yana ɗaye fatar. Wataƙila don ba shi da wanda zai gaya wa, sai ya riƙa gaya mini.

"Uwata, duba nan. Kin ga inda na ɗaye, naman katakon ya biyo fatar, ya yage? Nan gam ya kama da kyau, katakon ne ya ba da kai. Yanzu duba nan. Santsi, yana sheƙi, ba abin da ya biyo. Nan gam bai dahu ba."

Na ce, "To ba shi ke nan ba, Baba? An buɗe da wuri."

"Da an buɗe da wuri, da ko'ina bai dahu ba. Me ya sa nan ya dahu, nan bai dahu ba, a ƙofa ɗaya?"

Ya bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya kwaɓa gam daga buhun da aka yi aikin da shi, ya gwada a ɗan guntu, ya kama, ashe ba gam ɗin ne ya tsufa ba. Ya duba ko an yi ƙwauron shafawa, ya ga gam ya kai ko'ina. Ya duba ko an bar shi ya bushe kafin a tura inji, ko ƙura ta hau katakon, ko wuta ta riƙa ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Ya ɗora ragowar fatar da ke sito a kumatunsa ya ce ta sha iskar damina, tana da sanyi, amma an sha yin aiki da irinta ba a ga haka ba. Abinci ma sai Inna ta yi magana yake ci. Wata rana ya jera gutsattsarin a ƙasa yadda aka tura su inji, ya tsaya a kansu ya daɗe, sai ya ce, "Duk kusurwa ɗaya ce."

Washegari ya sayi kyandir ya yayyanka ƙanana. Yayana da ya raka shi ya ba ni labari. Aka kunna inji ya yi zafi, agogon auna zafinsa na nuna komai daidai. Baba ya jera gutsayen kyandir a kan farantin, tsakiya da kowace kusurwa. Duk suka narke nan take, ban da na kusurwar baya ta hagu, wanda ya daɗe a zaune kafin ya fara laushi. Mai ne mai zafi ke zagayawa a cikin farantin ya ɗumama shi. Da aka kwance, sai ga bututun da ke kai mai wannan kusurwar ya toshe da baƙin datti kamar kwalta. Da rani, fata a bushe, ɗan zafin da ke isa wurin yana wadatarwa, shi ya sa ba a taɓa lura ba. Da damina ta zo fatar ta sha danshi, sai ya kasa. Ko wa aka sa a kan injin, haka ƙofofin za su fito.

Baba ya kai wa Baffa guntun bututun har rumfarsa ta kasuwa. Ya ce su je Wusasa tare. Baffa ya juya bututun a hannu ya ajiye, ya ce, "Kai da ka gano, ka je ka dawo da shi. Ni ban hana ba."

Baba ya tafi shi kaɗai. Da ya dawo ya zauna a bakin ƙofar Inna bai cire hula ba. Ita ta tambaye shi yadda suka yi.

"Ya karɓe ni da mutunci, matarsa ta kawo ruwa. Na nuna masa, ya duba, ya ce ya gode da na wanke shi. Na ce ya dawo aiki. Ya ce, 'Malam, a gaban yaran da na koya wa aiki aka kira ni maha'inci. In Alhaji zai tsaya a gabansu ya ce ba haka ba ne, gobe zan zo. In ba zai iya ba, ba na riƙe da kowa, amma ba zan iya tsayawa a wurin ba.'"

Inna ta ce, "To ai ba abu mai wuya ya nema ba."

Baba ya ce, "Ga Auta mai wuya ne."

Haka kuwa aka yi. Baffa ya ce shi ba zai tara yaransa ya ƙaryata kansa ba, in albashin watannin ne a biya mutumin, a wuce wurin. Baba ya gyara injin, ya tsaya aka sake yin ƙofofin nan duka aka mayar, don kada sunan ƙanensa ya ɓaci. Ranar da mota ta ɗauki ta ƙarshe, ya tattara wuƙaƙensa ya dawo gida, bai sake taka wurin ba.

Ba zan ce Baba bai da nasa taurin kan ba. Goggo ta yi ta kai da kawowa tsakaninsu har ta gaji. Ta ce masa, "Yaya, kai ne babba, ka sassauta. Mutumin nan ya sami wani aikin, ya wuce wurin, kai ne ka tsaya." Ya ce, "Ban yi fushi da shi ba. Magana ɗaya ce zai faɗa." Ba su yi gaba ba, suna gaisawa a masallacin Juma'a da wurin biki da jana'iza. Amma kwanon zaure ya zama na mutum ɗaya, kuma tun daga lokacin Baba ya koma ce masa Alhaji. Duk sanda na ji Alhajin nan a bakinsa sai gabana ya faɗi. Kamfanin bai daɗe ba bayan fitarsa, aka sayar da injin wa wasu mutanen Kano. Baba ya koma yawon gyaran aikin wasu, duk inda fata ta ɗago a kira shi, ya hau mota ya je. Ranar salla Inna takan zuba tuwo a babban kwanon nan ta aika zaure, ya ci gefe ɗaya ya bar gefe ɗaya, a dawo da shi. Ba ta taɓa canza kwanon ba, shi ma bai taɓa cewa a canza ba. Ɗan da na haifa a daminar nan har ya shiga jami'a suna a haka.

Tarin ya fara kamar na kowa, ya ƙi tafiya. A asibiti suka ce huhunsa ya gaji da abin da ya shaƙa shekara da shekaru. Ya daina fita, ya rame, hannayen nan masu ƙarfi suka zama ba sa iya riƙe kofi. Duk da haka kafintoci ba su bar shi ba, sukan zo da guntun katako a leda, ya sa a ɗora masa a kumatu, ya yi musu tambaya biyu uku cikin haki, ya ce su je su duba kaza.

A makonsa na ƙarshe Baffa ya zo. Da rana ne, ina ɗakin ina ba Baba ruwa da cokali. Ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa, shi ma ya tsufa, yana dogara sanda. Na tashi zan fita, Baba ya riƙe gefen zanena. Baffa ya zauna a ƙasa kusa da katifar, ya daɗe yana kallon yadda yayansa ya koma.

"Yaya, ka yafe mini."

Baba ya buɗe ido. Sai da ya tara numfashi sannan ya ce, "Auta. Ka zo?"

Baffa ya sunkuyar da kai.

"Ni ba ka yi mini komai ba. In ma ka yi, na yafe. Ni ma ka yafe mini, na tsananta." Ya yi tari mai tsawo, na goge masa baki. Sannan ya ce, "Wusasa ba nisa."

Baffa ya ce, "Zan je, Yaya. In ka ji sauƙi mu je tare."

Baba ya yi ɗan murmushi. Bai ji sauƙin ba.

Ranar addu'ar uku, an cika a ƙofar gida, an yi karatu an shafa, sai ga mutumin Wusasa, ɗansa na riƙe da hannunsa, kansa fari fat. A coci wani ya gaya masa. Ya gaisa da yayana, ya nemi gefe ya zauna. Cikin masu zaman akwai tsofaffin ma'aikatan kamfanin, waɗanda yanzu kowa da shagonsa da yaransa. Ina bayan ƙofar zaure ina miƙa kwanukan sadaka, na ga Baffa ya dafa sanda ya miƙe. Mutane suka juyo gare shi, an ɗauka godiya zai yi.

Ya ce, "Jama'a, akwai waɗanda suke wurin ranar da na kira bawan Allahn nan maha'inci. Ga wasunsu nan zaune. Ƙarya na yi masa. Bai ha'inci kowa ba, injin ne ya lalace, kuma na san haka tun a shekarar. Yayana ya nemi in faɗa, na ƙi, har ya koma ga Allah." Ya juya ga mutumin ya ce, "Ka yafe mini."

Mutumin ya miƙe a hankali, ya kama hannun Baffa da hannu biyu. Ya ce, "Alhaji, ni na daɗe da ajiye maganar nan. Malam ne bai ajiye ba. Duk shekara sai ya zo gidana ya gaishe ni, in zai tafi ya ce, 'Ka ƙara haƙuri, zai faɗa, na san ƙanena.'" Ya dubi ƙofar gidanmu. "Da ma yana nan ya ji."

Ba wanda ya san Baba na zuwa Wusasa duk shekara, har Inna. Na ajiye kwanon da ke hannuna na koma ciki, a nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar.

Bayan an watse Baffa ya shigo cikin gida ya yi wa Inna gaisuwa, sannan ya zauna a kan turmi a tsakar gida kamar wanda bai san inda za shi ba. Na kawo masa ruwa. Ya riƙe kofin bai sha ba.

"Uwata, zauna." Na zauna. "Shekarun nan, da me yake karyawa da safe? Har yanzu yana jin rediyo bayan la'asar? Da wa yake hira?"

Na fara gaya masa. Ya ce in yi a hankali, kada in tsallake komai. Muna nan har aka kira magariba ban kai ko'ina ba. Ya miƙe da ƙyar, ya ce zai dawo ranar Juma'a in ci gaba. Yana zuwa kuwa, kowace Juma'a, ya zauna ya tambaye ni yayansa, ni da na zo duniya bayan sun yi rabin rayuwarsu tare.

Allah Ka jiƙan Babanmu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba shi numfashin da ya rasa a nan. Ka ba Inna da Goggo haƙuri. Ka sassauta wa Baffa. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.